Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Faya-fayan Rok, Ska da Sol da Aka Manta da Su

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka shigo daga Katsina da Daura kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar tsofaffin waƙoƙin da iyayenmu suka ji a zamanin samartakarsu, yanzu kuma yara na cin karo da su a waya ko a cikin adaka. Na zaɓi biyar na haɗa su wuri ɗaya, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifinmu Allah ya yi mishi rasuwa bara, da muka zo gyaran ɗakinshi sai muka iske wata adaka cike maƙil da faya-fayan garmaho. Ya yi aikin gwamnati a Kaduna tun kafin a ba mu jiha. Akwai na Shata, akwai na Indiya, akwai waɗanda aka rubuta Otis Redding, Jim Reeves, Skatalites, da wani mai suna Ofege. Wani ɗan gwangwan ya ce zai kwashe duka ya ba mu ɗan wani abu, yayana ya ce a ba shi kawai tunda ba mu da abin sakawa. Ni dai raina bai kwanta ba. Me ka gani? Daga wani matashi, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta mishi, ya ba ku haƙuri. Ƙanena, don Allah kar ku ba ɗan gwangwan. Kafin ma mu zo kan kiɗa, ka tuna wannan adakar kayan gado ce, ko tsinke mamaci ya bari akwai haƙƙin kowane magaji a ciki har da iyayenku mata da 'yan'uwanku mata, saboda haka daga kai har Yaya ba wanda zai yanke hukunci shi kaɗai. Ka same shi cikin ladabi ka ce a dakata tukuna a san abin da ke ciki.

Abu na farko da za ka yi yau ɗin nan, ka fitar da adakar daga inda zafi ke bugunta. Ka san ɗakin kwano a Katsina cikin watan Afrilu da Mayu, to faifai in ya sha irin wannan zafin lanƙwashewa yake, kuma in ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. A jera su a tsaye gefe da gefe, kar a ɗora wani kan wani, nauyi na lalata na ƙasa. Sai ƙura, wadda mu nan ba ta da wuyar samu musamman da hunturu, tana shiga cikin siraran layukan nan da allura ke bi, ita ce ke kawo ƙarar ƙaras-ƙaras ɗin nan. Ka samu ƙyalle mai laushi da ruwa mai tsabta, ka riƙa gogewa kana bin zagayen layin, ba ka ratsa shi ba, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka bar shi ya bushe a inuwa. In za ka ɗauka ka riƙe bakin gefe.

Za ka ga iri uku ne. Akwai masu nauyi masu saurin fashewa, su ne 'yan 78, tsofaffin ciki kenan, waɗannan kar ka kuskura ka sa musu sifirit don narkar da su yake, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri. Akwai ƙanana 'yan 45, galibi waƙa ɗaya gaba ɗaya baya. Sai manya 'yan 33 masu ɗauke da waƙoƙi da yawa. Lambar nan tana nufin sau nawa faifan ke juyawa a minti ɗaya. Batun abin sakawa kuma, ka zaga wurin dattawan masu gyaran rediyo a kasuwa, sau da yawa tsohuwar na'ura ba abin da ya same ta sai bel ɗin roba da ya tsinke da allura da ta cinye. Akwai kuma sababbi da ake sayarwa yanzu masu haɗawa da kwamfuta.

Yanzu maganar kuɗi, don na san ita ce za ta fi shiga kunnen Yaya. Gaskiya ba duka ne ke da tsada ba. Irin su Jim Reeves an buga su da yawan gaske a duniya, ba gidan tsohon ma'aikacin da ba za ka samu ba, kuɗinsu kaɗan ne. Waɗanda masu tarawa a Turai da Amurka da Japan ke nema ido rufe su ne waɗanda aka buga nan Najeriya 'yan kaɗan, irin Ofege ɗin nan da ka ambata. Akwai shafin Discogs, ka duba lambar da ke jikin takardar tsakiya ka rubuta a can, zai nuna maka wane bugu ne da nawa aka saba sayar da shi. Lafiyar faifan da kwalinsa su ke ɗaga farashi ko su karya shi. Kuma duk wanda ya zo ya ce zai saya a dunƙule ba tare da an duba ɗaya bayan ɗaya ba, to ya san abin da ya hango. Na Shata kuwa ni shawarata kar su bar gidan.

Sannan ka saurara kafin komai. Ka sa Otis Redding ɗin nan ka ji abin da Baba ke ji yana saurayi a Kaduna. Mutumin nan shekararsa 26 kacal ya rasu a hatsarin jirgin sama a watan Disamba 1967, amma in ka ji muryar sai ka rantse dattijo ne da ya ga duniya.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamar firamare ce. Kawuna tsohon direban babbar mota ne, kullum yana cewa wai rege ɗin nan na Bob Marley jikan wani kiɗa ne da ake kira ska, wai shi Bob Marley ɗin ma da shi ya fara. Na ɗauka zolaya ce irin tashi. Gaskiya ne? Kuma ya ake gane ska in an ji shi? Daga wata malama, Daura.

AMSA: Malama, Kawu ya faɗi gaskiya, ki gaishe mani shi da kyau. Ska a birnin Kingston na ƙasar Jamaika aka haife shi wajajen ƙarshen shekarun 1950. Talakawan birnin ba su da kuɗin siyan garmaho ko shiga manyan otal, sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa haɗa manya-manyan lasifiku suna kafawa a fili da dare, a saka faifai jama'a su taru a yi rawa a sayar da abinci da abin sha. Manyan masu wannan harka su ne Clement Dodd da ake wa laƙabi da Coxsone, da Duke Reid wanda tsohon ɗan sanda ne, daga baya Prince Buster ya taso. Gasa ce mai zafi tsakaninsu, kowa so yake ya zo da waƙar da ba wanda ke da ita, har Amurka suke zuwa su tono faya-fayan baƙaƙen fata da ba a sani ba, in sun dawo sai su kankare sunan mawaƙin daga jikin faifan don kar ɗan leƙen asirin abokin hamayya ya karanta. Da kiɗan Amurka ya canza salo, irin wanda mutanen Kingston ke so ya yi wuyar samu, sai suka ce to mu tara makaɗanmu na gida mu buga namu. Aka cakuɗa wancan kiɗan na Amurka da nasu na gargajiya da ake kira mento, ska ya fito. Ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Agusta 1962, kuma wannan kiɗan ne ya cika gari a lokacin.

Yadda za ki gane shi kuwa, ki tuna luguden mata a turmi, taɓaryar wannan na sauka daidai lokacin da ta waccan ke sama. To haka yake, ganga na bugawa a kan ƙirga, ɗaya biyu uku huɗu, ita kuma jita da fiyano ba sa bugawa tare da ita, sai a tsakanin ƙirgar suke saro nasu, gajere gajere. Wannan ne ke sa jikin mutum ya riƙa tsalle-tsalle ko bai yi niyya ba. A ƙasa babbar jita mai kauri na tafiya ba tsayawa, a sama kuma masu busa ƙaho su ke jan ragamar waƙar, sau da yawa ma ba murya sam.

Ƙungiyar da ta fi kowa a wannan fanni ita ce Skatalites, an kafa ta 1964, zuwa 1965 ta watse, dubi gajartar lokacin, amma makaɗanta su ne suka yi wa kusan duk mawaƙan Kingston na lokacin kiɗa. Wasunsu irin su Don Drummond da Tommy McCook a makarantar Alpha suka koyi busa, makaranta ce da matan cocin Katolika ke gudanarwa don yara marayu da waɗanda suka gagari iyaye. Irin waɗannan makaɗan ne suka yi wa Bob Marley da abokansa na Wailers kiɗan Simmer Down a situdiyon Coxsone, ta hau saman jerin waƙoƙin Jamaika a farkon 1964, lokacin Bob bai kai ashirin ba, gashinsa a aske, yana sa kwat. Wajajen 1966 aka rage gudun kiɗan ya koma abin da suke kira rocksteady, zuwa 1968 rege ya fito daga cikinsa. Kin ga lissafin Kawu ya fita daidai, jika ne.

Ki tambaye shi ko ya tuna My Boy Lollipop ta Millie Small, ta 1964, ita ce ta fara fitar da wannan kiɗa duniya, na tabbata zai yi murmushi. Amma abin da ke ba ni tausayi shi ne ɗaruruwan ƙananan faya-fayan da ba su taɓa tsallake tsibirin ba. Makaɗan a ranar ake biyansu kuɗin aikin yini shi kenan, ko faifan ya sayu ko bai sayu ba, da yawansu cikin talauci suka mutu. Sai a 1979 wasu samari baƙaƙe da farare a garin Coventry na Ingila, ƙungiyar Specials da kamfaninsu 2 Tone, suka farfaɗo da kiɗan, mutane suka koma neman na asali.

In za ki fara, ki fara da Skatalites, sai Desmond Dekker da Maytals na farko-farko. Tunda ke malama ce kuma akwai yara kusa, ki sani wasu waƙoƙin Prince Buster akwai batsa a ciki, waɗanda ba murya sun fi kwanciyar hankali.

TAMBAYA: Malam ni fa ban gane wannan wahalar ta tono tsofaffin waƙoƙi ba. In waƙa tana da daɗi ai da tun a lokacinta ta yi suna. Duk wadda aka manta to ta cancanci a manta da ita ne. Ko ba haka ba? Daga wani ɗalibin jami'a, Katsina.

AMSA: Ba haka ba ne ɗan'uwa, kuma wannan tambayar taka ita ta fi tsaya mani a rai cikin duka. Kai ka taso lokacin da yaro zai yi waƙa a ɗakinsu ya ɗora a TikTok da safe, kafin magariba an ji ta a Maraɗi. A shekarun 1960 kafin waƙa ta iso kunnen mutum sai an biya situdiyo, an biya masana'antar buga faifai, an samu dillalin da zai rarraba shaguna, sannan an samu mai gabatarwa a gidan rediyo da ya yarda ya saka. Kowace gaɓa kuɗi ne da sanayya. A Amurka har majalisa sai da ta yi bincike a 1959 da 1960 kan cin hancin da kamfanoni ke ba ma'aikatan rediyo don a saka waƙoƙinsu. To ka gaya mani, ƙaramin kamfanin da ke ɗaki ɗaya a Detroit ko Chicago, wanda ya ga Motown, babban kamfanin waƙoƙin baƙaƙen fata na Detroit, ta yi arziki shi ma ya tattara ɗan abin da yake da shi ya buga kwafi 'yan ɗari, ina zai iya wannan kokawar? Faifan ya fito, ba a saka a rediyo ba, kamfanin ya rufe, kwalayen suka ƙare a sito. Daɗin waƙar bai ma samu damar shiga maganar ba.

Ga misali. Gloria Jones ta yi Tainted Love, aka fitar a 1965 a bayan faifai, wato ko kamfanin bai ɗauke ta a matsayin babbar waƙar ba, kuma faifan bai sayu ba. Can a arewacin Ingila, garuruwan ma'aikatan masana'antu irin su Manchester da Wigan da Blackpool, sai samari da 'yan mata farare talakawa suka kamu da son kiɗan sol mai sauri na baƙaƙen Amurka, kuma ba wanda ya yi suna suke so ba, wanda ya faɗi a kasuwa suke nema. Masu saka musu faifai suka riƙa zuwa Amurka suna tone sito-sito suna siyan abin da aka yasar a arha. A haka wani ya dawo da Tainted Love a 1973, ta zama waƙar da ake rububi a irin su Wigan Casino, inda ake kwana ana rawa daga 1973 har aka rufe shi a 1981. A 1981 ɗin nan wasu Turawa biyu, Soft Cell, suka sake rera ta, ta zama lamba ɗaya a Ingila, duniya ta ɗauka. Waƙa ɗaya ce fa, a 1965 ba kowa, a 1981 kowa. Me ya canza a jikinta? Su ma masu saka faifan na Ingila rufe sunan mawaƙi suke da takarda su rubuta na ƙarya don kar a gano, kamar dai yadda aka yi a Kingston.

Akwai ta Frank Wilson da ya yi wa Motown a 1965, aka fasa fitarwa aka lalata kwafin, 'yan ƙalilan suka tsira, ɗaya daga ciki an sayar da shi sama da fam 25,000 a 2009. Har manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, Stax ta Memphis inda Otis Redding ya yi aiki ta wayi gari a 1968 ta gano yarjejeniyar da ta sa wa hannu ta mallaka wa kamfanin Atlantic tsofaffin waƙoƙinta, zuwa 1975 ta karye.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Sixto Rodriguez, ɗan Detroit. Ya fitar da faifai biyu, 1970 da 1971, ba su sayu ba a Amurka, kamfani ya sallame shi, ya koma aikin ƙarfi na gini da rushe gidaje. Bai sani ba ashe waƙoƙinsa sun isa Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, ana ta bugawa ana kwafa, matasa sun haddace su, har ana yaɗa jita-jitar wai ya kashe kansa a kan dandamali. Sai a ƙarshen shekarun 1990 wasu masoyansa suka bi diddigi ta intanet suka iske shi da ransa, a 1998 ya je can ya yi wasa gaban dubban mutane da suka ɗauka ya daɗe a ƙasa. Fim ɗin da aka yi kan labarin, Searching for Sugar Man, ya ci kyautar Oscar a 2013. Ya rasu 2023. Shekara ashirin da wani abu mutumin nan yana ɗaukar bulo alhali a wata ƙasa ana cinikin muryarsa, kuɗin bai iso shi ba.

Ban ce duk tsohuwar waƙa mai kyau ce ba, akwai shirme da yawa a cikin tsofaffin ma, wanda ya taɓa zama ya saurari adaka guda ya san haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kasuwa ce alƙalin daɗi. Kuma kar ka ɗauka yanzu an wuce wurin, wayarka abin da mutane da yawa suka riga suka danna shi take turo maka, wanda ba a danna ba sai ka tashi ka neme shi da kanka.

TAMBAYA: Malam, akwai wata waƙa da nake ji a Rediyon Kaduna wajajen shekarun 1970, muryar mace ce da busa a farko. Har yau tana yi mani yawo a ka amma ban san sunanta ba, Turancin ma ban riƙe ba. Akwai dabara? Daga wani dattijo, Daura.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, akwai. Ka sa jikanka ya buɗe manhajar Google a waya, ya danna alamar makirfo ya zaɓi neman waƙa, sai ka yi ta gunguninta da baki kamar daƙiƙa goma sha biyar, tun 2020 suka sa wannan dabarar kuma ba sai da kalmomi ba. Zai kawo waɗanda suka yi kama sai ku bi su ɗaya ɗaya. Shazam kuma sai in waƙar ce da kanta ke tashi a kusa. In waƙar ba ta shahara ba waya na iya kasawa, to a nan sai ka ɗauki muryarka kana gungunin ka tura wa tsaranka a WhatsApp, musamman in akwai wanda ya taɓa aikin gidan rediyo. In an gano a sanar da mu don Allah.

TAMBAYA: Oga sannu da ƙoƙari. Ina da shagon caji da tura waƙoƙi a waya. Kullum in ana maganar rok da sol sai a ce Amurka da Ingila, mu nan Najeriya ba mu taɓa yi ba ne? Na biyu, mutane na kawo mani tsofaffin kaset su ce in mayar musu cikin waya, ina mayar da su don ban san yadda ake yi ba. Daga wani mai shago, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Mun yi, kuma mun yi da kyau. Tun a shekarun 1960 Geraldo Pino ɗan Saliyo ya shigo Legas da kiɗan sol da kayan sauti na zamani ya girgiza gari, har Fela da bakinsa ya sha faɗin yadda abin ya tsorata shi. James Brown ya zo Najeriya a 1970. A shekarar ce kuma aka gama yaƙin basasa, sai ƙungiyoyin samari masu jita suka ɓarke a Aba da Inugu da Fatakwal da Legas, irin su Funkees, Wings, Hykkers, BLO, da Monomono ta Joni Haastrup. Ofege ɗin da ƙaninmu na Ƙofar Ƙaura ya samu a adaka, 'yan makarantar sakandare ne ta St. Gregory's a Legas, suna ɗalibai suka fitar da Try and Love a 1973 a kamfanin EMI, Odion Iruoje ne ya tsara musu. A wannan shekarar Paul McCartney na Beatles ya zo situdiyon EMI na Legas ya ɗauki Band on the Run, shi kuma Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, zama ma ya yi a Legas ya buɗe situdiyonsa. Nan arewa ma ba a bar mu a baya ba, Bongos Ikwue ya yi karatu a ABU Zariya, ga Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna suna kiɗan zamani har da waƙa da Hausa.

Abin da ya binne su shi ne tattalin arziki. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, aka zo da SAP a 1986 naira ta karye, kaset na satar fasaha ya cika kasuwa, manyan kamfanonin waje irin su EMI da Polygram suka sayar da rassansu suka tafi. Aka daina buga faifai, ba wanda ya damu da adana na asali. Sai a 2008 wani kamfanin Ingila, Soundway, ya fitar da tarin waƙoƙin rok na Najeriya, a 2013 Luaka Bop ta Amurka ta fito da William Onyeabor na Inugu wanda ya riga ya bar kiɗa ya kama kasuwanci da addini, ya rasu 2017 bayan ya ga duniya ta san shi. Uchenna Ikonne, ɗan Najeriya, ya yi aiki sosai wajen tattara tarihin, tarinsa Wake Up You ya fito 2016. Maƙwabtanmu ma haka, Mamman Sani na Yamai ya ɗauki kiɗan ogan a kaset a 1978, gidajen rediyo da talabijin na Nijar suka yi ta amfani da shi tsakanin shirye-shirye, sai 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi. Mutanen Daura da Mai'aduwa masu kama tashoshin Nijar wataƙila kun san kiɗan ba ku san mai shi ba.

Wallahi abin na yi mani ciwo, a ce sai wani ya taso daga Landan ya zo ya tsugunna cikin ƙura ya tono mana namu sannan mu yarda yana da daraja. Ban ga laifinsu ba, da ba su zo ba da wasu sun tafi kenan. Amma wa zai zo ya tono mana na Shata da aka ɗauka a wajen biki da wasan sallah a kaset ɗin gida, wanda bai taɓa shiga situdiyo ba? Shata ya rasu 1999 aka binne shi a Daura, Barmani Choge ta rasu 2013, kuma kaset irin waɗannan suna nan a gidajen Katsina da Funtuwa da Malumfashi suna ruɓewa. Shi ya sa tambayarka ta biyu ta faranta mani rai, kar ka ƙara mayar da kowa.

Kayan aikin ba su da yawa. Rikoda mai lafiya, wayar da za ta haɗa ramin iyafis ɗinta da kwamfuta, ko ƙaramar na'urar kaset mai USB, sai manhajar Audacity wadda kyauta ce. Kafin ka saka kowane kaset ka duba zaren, in ka ga fari-fari na fumfuna kar ka saka, zai ɓata maka kan rikoda ya shafa wa na gaba. Ka sa biro ka juya shi a hankali ka ga ko ya maƙale, ka duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya ko yana nan, in ya faɗi sauti ba zai fita daidai ba. Ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset ɗin don kar hannu ya kuskure ya danna ɗauka a goge abin da ke ciki. Kan rikodar kuma auduga da ɗan sifirit, a bar shi ya bushe. Ba a gaggawa, kaset na minti 90 minti 90 zai ci, ka sa wannan cikin lissafin kuɗin aikinka. Ka fara ajiyewa a WAV sannan ka yi MP3 na waya daga ciki, ka ajiye kwafi a wuri biyu, kuma ka mayar wa mai shi kaset ɗinsa ka ce kar ya yar.

Sannan ka ajiye littafi a shagon. Duk wanda ya kawo kaset ka tambaye shi wa ke waƙar, a ina aka ɗauka, bikin wa, wace shekara, in bai sani ba ya koma gida ya tambayi tsohuwa tun tana da rai, ka rubuta a littafin ka kuma sa a sunan fayil ɗin. Kuɗin aikinka za ka karɓa, amma abin da aka ɗauka a bikin gidan mutane kar ka tura wa wani kwastoma sai masu shi sun ce sun yarda.